Motar da Ba Ta Tafiya: Mas'alar Sura da Tara Abin Wasa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada wadda magidanta masu gemu da iyali suka riƙe da muhimmanci, watau tara 'yan ƙananan motocin tsere waɗanda aka ƙera bisa kamannin na ainihi, ba a rage musu kome ba face girma. Tun daga shekarar 1934 da aka fara sayar da Dinky Toys a Ingila, har zuwa Matchbox a 1953 da Hot Wheels na Amurka a 1968, sana'ar ta yi ta bunƙasa, har ya zamana a yau ana zuba narkakkiyar tutiya a mazubi a fitar da irin jar Ferrari da Michael Schumacher ya ci gasar Formula 1 da ita sau biyar a jere, daga 2000 zuwa 2004, bisa ma'aunin 1:43, wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba.

Mu a Kebbe da Tambuwal abin ba baƙo ba ne ƙwarai, domin kuwa da zarar an yi girbin dawa, za ka iske yara a gindin bishiya sun feƙe ɓawon kara suna soka shi cikin totuwa, suna yanka ƙafafu daga tsohon silifa, har su tayar da motar kara mai ƙofa da fitila. Wanda hannunsa ya faɗa kuwa sai ya koma ga langa-langa da waya. Saboda haka tambayar da ɗalibi zai kawo zaure ita ce: mene ne hukuncin wannan a shari'a, alhali an yi hani mai tsanani game da yin sura?

Jawabin fiƙihu a nan mai sauƙi ne. Abin da malaman Malikiyya suka haramta shi ne surar abu mai rai, wadda take da inuwa, kuma gaɓoɓinta suka cika. Mota kuwa ba ta da rai, hukuncinta ɗaya da na jirgi ko itace. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas ya umarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Inda za a dakata kaɗan shi ne ɗan direban roba da akan dasa cikin motar, sanye da hular kwano. Wanda ya cire shi ya fita daga shubuha, ko da yake malamai sun yi rangwame ga abin wasan yara, bisa hujjar 'yan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Zakka ma ba ta hawa kan motocin muddin don ajiya aka saya, sai fa in an yi niyyar fatauci, a nan sun zama haja.

Amma halaccin abu bai rufe maganar zuciya ba, kuma a nan ne mas'alar ta yi zurfi. Yaron da ya ƙera motar kara ya kalli babbar mota a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya auna ta da ido, ya gane dalilin da ya sa ƙafa take juyawa a kan sanda, ribarsa tana cikin kansa ko da akuya ta cinye motar da maraice. Mai tarawa kuwa, idan bai yi hattara ba, daɗinsa yakan tashi daga abin da ya mallaka ya koma ga gurbin da ya saura a kabad, ta yadda kowace sabuwar mota ba ta haifar masa da kome sai begen wata. Wannan ne ciwon gasar tara abin duniya da Suratut Takasur ta yi gargaɗi a kansa.

Ba a ce mutum ya ƙi nishaɗi ba, gama rai yana gajiya, kuma duban kyakkyawar sana'a yakan kai mai hankali ga tafakkuri cikin hikimar da Allah ya sanya a hannun ɗan Adam. Ma'aunin dai guda uku ne: kada kuɗin ya fito daga hakkin iyali ya zama israfi, kada shagalin ya ci lokacin salla, kuma mai abin ya iya ɗaukar wadda ya fi so ya miƙa wa ɗan maƙwabcinsa ya yi wasa da ita a ƙasa. Wanda ya kasa wannan na uku, to, ya binciki kansa, domin alama ce ta cewa kayan sun fara mulkinsa.