Shin Duk Wanda Ya Ƙi Ɗaukar Bindiga Rago Ne?

A Nijeriya babu dokar da ta tilasta wa saurayi shiga soja, amma a garuruwan bakin dajin Rugu, irin su Zakka ta ƙasar Safana, akwai tilas wadda ta fi ta doka ƙarfi, wato bakin mutane. Tun da ɓarayin daji suka addabi yankin, matashin da ya ce shi ba zai shiga 'yan sa-kai ba sunansa rago, in ma ba a kira shi infoma ba. Masu zargin kuwa ba su rasa hujja ba. Duk wanda ya tuna mutum kusan 30 da aka kashe a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari cikin watan Fabrairun 2020, da wuya ya saurari mai cewa zuciyarsa ba ta yarda da zubar da jini ba. Kai ka yi barci, ɗan wani yana kwana bakin gari domin ka?

To, amma mai karatu, tsaron gari daban, ramuwar gayya daban. Wanda ya tare maharan da suka zo kwashe iyalinsa, addini da hankali duk sun ba shi gaskiya. Wanda kuwa ya bi ayari aka faɗa wa rugar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, don kawai masu ita Fulani ne, wannan wani abu ne. A ganina saurayin da ya tsaya a nan ya ce "ban da ni" ya fi bukatar ƙarfin zuciya, domin shi mutanen garinsu zai fuskanta.

Ba yau aka fara ba. A 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ja daga a Tabkin Kwatto, ya janye jiki daga rundunar jihadi da ya ga son mulki da dukiya sun shiga zukatan mutane. Ya nufi gabas, Kanawa suka tsayar da shi, a can ya wallafa Liya'ul Hukkami kafin ya koma. Wa zai kira shi rago? Sai dai a lura, da ya ajiye takobi bai naɗe hannu ba. Haka ma na Zakka: in ya ƙi harbi, ɗaukar masu rauni da noma gonar marayu suna wuyansa.

A 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma, aka ɗauki matasa aka ba su horo da makamai. A 2025 kuma sai ga shugabannin al'umma a Jibiya da Batsari da Safana zaune da 'yan bindiga ana sulhu, maganar da a da mai furta ta a dandali sai ya waiwaya tukuna.