Ina za su kai jininmu?

Duk ranar da ma'aikatan lafiya suka shigo unguwa da maganar gwajin ciwon daji, tambayar da ake fara yi ke nan. Kuma ba tambayar banza ba ce. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin da aka gwada wani maganin sanƙarau a kan yara a Kano, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Sai dai akwai wata tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: ilimin da likita ke duba mu da shi, a jikin wa aka samo shi?

A 1986 aka fara wani bincike a Gambiya, tsakanin gwamnatin ƙasar da masana daga Ingila da hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Faransa. An yi wa dubban jarirai allurar ciwon hanta, don a gano ko za ta kare su daga dajin hanta idan sun girma. Amsar kuwa sai an jira shekara talatin zuwa arba'in. To, ku dubi uwayen nan, yawanci matan ƙauye, Musulmi irinmu. Sun miƙa 'ya'yansu a kan abin da wasunsu ba za su ga ƙarshensa ba, don amfanin mutanen da ba su sani ba. Mu ma muna cikin mutanen. Shin adalci ne mu ci 'ya'yan itacen da wasu suka shuka, in an zo kanmu mu rufe ƙofa?

A ganinmu, a'a. Amma ba mu ce a miƙa hannu ido rufe ba. Mu 'yan kasuwa ne, ba ma biyan kuɗin buhun masara sai mun soka mun ga ƙwaya. Mu tambaya: wa ya aiko ku? Ina za a ajiye jinin? Za a kawo mana sakamako? Mata ne za su duba matanmu? In mutum ya fasa, za a ƙyale shi?

Akwai kuma wadda ta fi nauyi, kar kunya ta hana mu yin ta. In an gano ciwon a jikin ɗan dako da ke kwana a rumfa, wa zai biya kuɗin maganin?