Baƙon da ya ga jikokinsa

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa takan sauka da dare, hantsi na yi ta bushe. Kaba kuwa ko an sare ta sai ta sake tohowa, don saiwarta na can ƙasa. Karin maganar ta dace da fatake da 'yan cirani, masu zuwa bayan kaka su koma kafin ruwan shuka. Inda take rasa ta cewa shi ne a kan mutumin da ya zo da niyyar wata uku, ya wayi gari ya shekara talatin, ya yi aure, ya hayayyafa, ya kai matarsa maƙabartar garin, har ya ga jikoki. Me za mu kira shi? Kuma wa ke da ikon yanke ranar da baƙuncinsa ya ƙare: shi kansa, ko maƙwabtansa, ko jami'in da ke buga hatimi a fasfo?

Mu mutanen gabashin Sakkwato, daga Gandi da Rabah har Wurno da Goronyo, tambayar ba ta yi mana nisa ba, domin akwai gari guda a ƙasar Sudan da ke ɗauke da sunanmu. Wurno ita ce ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ɗauki hanyar gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekarar. Ɗansa, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da sauran mutane, har suka yada zango kusa da Sinnar, a bakin reshen Kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Garin da suka kafa har yau Mai Wurno ake ce masa. Alƙiblar tafiyar Makka ce, amma zangon ya zama gida. Su da dubban alhazan ƙasa da suka biyo bayansu sun yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, sun yi kamun kifi, sun buɗe makarantun allo.

Sai takarda ta zo. Dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi a 1957 ta ɗaure asali da kwanan wata: sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Mutanen da suka baro Burmi a 1903 sun makara da 'yan shekaru kaɗan, ga shi kuwa an haifi 'ya'yansu da jikokinsu a can. Daga baya an sassauta dokar, amma abin da doka ta shuka a zukatan mutane bai tafi tare da gyaran ba. A watan Yulin 2022, rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Bulu Nayil, inda wancan reshen kogin ya ratsa, aka kashe sama da mutum ɗari, ya kuma sake tashi a watan Oktoba. Tushen rigimar shi ne filaye da neman da Hausawa suka yi na a ba su masarautar kansu, amsar da suka samu kuwa ita ce ƙasar ba ta kakanninsu ba ce. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, ana ce musu raɓa.

A ƙetaren Bahar Maliya abin ya fi fitowa fili, don can baƙunci yana da kati, yana da farashi. Baƙon da ke zaune a Saudiyya yana riƙe da iƙama, wadda ke rataye a wuyan kafili, wato wanda ya tsaya masa, kuma sai an riƙa sabunta ta. Kalmar a Larabci zama take nufi, amma zama ne irin na wanda bai kwance kaya ba. Haihuwa a ƙasar ba ta mai da yaro ɗan ƙasa idan ubansa baƙo ne. Tun watan Yulin 2017 aka ɗora wa baƙi haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, mata ko ɗa, ya fara daga riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mai 'ya'ya biyar ya yi lissafi. Wannan fa ga masu takarda ke nan. 'Yan takari da suka shiga da bizar umara suka ƙi komowa, su kam kullum ido na kan titi, kunne na jiran labarin kame da gidan tarhil. Unguwannin Jidda irin su Karantina, inda da yawansu suka rayu shekara da shekaru, an rushe su a rusau ɗin 2021 zuwa 2022.

Abin mamaki, a ƙasar nan dai akwai iyalai masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi, cikakkun 'yan ƙasa. Usama Hausawi ne ya riƙe kambin ƙungiyar ƙwallon ƙafar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Kakanninsa da kakannin 'yar aikatau da ke ɓuya a wani lungu na Makka suna iya zama 'yan yanki ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wasu sun riga takarda isowa, wasu kuma takarda ta riga su.

Yana da kyau mu tuna yadda al'adarmu ta warware wannan matsala kafin zuwan fasfo. Baƙo idan ya sauka gari, sai ya nemi mai masauki. Shi zai kai shi gaban mai unguwa, shi zai tsaya masa a kasuwa, in ya ci bashi ya gudu kuma shi za a tuhuma. Haka aka yi a zangon Kumasi, haka a Sabon Ibadan. In an duba, wannan ba shi da nisa da kafili. Bambancin da ke tsakani, wanda a ganinmu shi ne gundarin maganar, shi ne tsarin mai masauki yana da ƙarshe. Idan baƙo ya daɗe, aka ga sallarsa, aka ga cinikinsa, aka ga yadda yake yi in ransa ya ɓaci, wata rana sai a ji ana cewa ya kamata a yi masa aure. Da yake ba shi da dangi a kusa, mai masaukin ne zai kai gaisuwa, shi zai zama wakilin ango ranar ɗaurin aure. Daga ranar nan ya zama suruki. Ɗansa yana da kawunnai a garin, yana da gidan kakanni, yana da inda za a kai shi in ya yi laifi. Ba wanda ya buga hatimi, amma kowa ya san raɓa ta yi saiwa. Malamanmu na Malikiyya ma sun sauƙaƙa hanyar, domin abin da suka fi dubawa a dacewar miji da mata shi ne addini da lafiya, ba nasaba ba. Takardar zama kuwa ba ta san wannan tsani ba. Aikinta shi ne ta sabunta baƙuncin mutum duk shekara, ta karɓi kuɗi, ta mayar da shi ranar farko.

Kada a ɗauka al'adar ba ta da nata son kai. Ta fi buɗe ƙofa ga malami mai almajirai da falke mai jakuna fiye da talaka mai sanda da gora. Kuma binciken asali da ake yi kafin a ba da mace ya sha rufe wa mutanen kirki ƙofa saboda sana'ar kakansu. Duk da haka ƙofar tana nan, kuma an san mabuɗinta.

Akwai hujjar da ba za mu tsallake ba. Hukuma tana da haƙƙin sanin wanda ke cikin ƙasarta, kuma ba mutanen Sakkwato za a koya wa wannan ba. Wanda ya ga yadda mutanen Tabanni da ƙauyukan kewaye suka kwararo Gandi bayan harin watan Yulin 2018, ko ya ji labarin Lakurawa da suka shigo Tangaza da Gudu daga ƙetaren iyaka, ba zai yi wa kalmar baƙo kallon da kakanninmu suka yi mata ba. Baƙonka Annabinka, haka ne, amma yau mai unguwa yana da dalilin tambayar daga ina, wurin wa, har yaushe. Sa'an nan wanda ya karɓi bizar umara ya yi alƙawarin komowa. In ya noƙe, ya saɓa alƙawari, ya kuma tsananta wa na bayansa, don saboda irinsa ne ake ƙara wa maniyyata sharuɗɗa. Talauci uzuri ne mai ƙarfi, amma bai mai da saɓa alƙawari ya zama ba komai ba.

Sai dai wannan hujja tana da iyaka, iyakarta kuwa lokaci ne. Tambayar "wane ne kai?" ta dace da wanda ya iso jiya. Wanda ya shekara ashirin a unguwa ɗaya ya riga ya amsa ta da rayuwarsa, maƙwabta sun fi kowace kwamfuta sanin amsar. Laifin da aka yi rana ɗaya a filin jirgi, shin daidai ne hukuncinsa ya zama marar ƙarewa, har ya zama gado?

A nan ne maganar aure ke da zafi. Mutum biyu marasa iƙama sun haɗu a Jidda, suna son juna, suna tsoron Allah. Aka samu waliyyi, ko wanda zai tsaya a matsayinsa, aka samu shaidu, aka biya sadaki, aka yi siga. A shari'a aure ya ɗauru, ba mai ja. A wurin hukuma kuwa babu shi, don ba a rajistar auren wanda ba a san da zamansa ba. Yaron da za a haifa zai tashi ba takardar haihuwa, makarantar gwamnati ta yi masa wuya, asibiti ya zama abin fargaba. Ran da aka kama shi, za a sa shi a jirgi zuwa Kano ko Yamai, ƙasar da bai taɓa gani ba, Hausarsa cakuɗe da Larabci, yara na binsa suna dariya. Za a iya cewa iyayen su yi haƙuri kada su yi auren. Amma ce wa baligi ya zauna shekara ashirin ba aure don ba shi da kati, wannan ba shawara ba ce da mai hankali zai iya bai wa ɗansa. A ganinmu iyayen suna da nasu kason na nauyi, musamman uban da ya san halin da ake ciki bai nemi hanyar yi wa ɗansa fasfon ƙasarsa ba. Kaso mafi girma dai yana kan tsarin da ya ci gumin mutum shekara da shekaru a wankau da raino da dako, sa'an nan ya ce bai san da shi ba. Yaron kuwa ba shi da kaso ko kaɗan, shi ne kuma ke biya.

Ma'aunin da muka ɗora wa Sudan da Saudiyya dole ya hau kan Najeriya. Gana ta kori baƙi a 1969 zamanin Busia, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan korar, akasarin waɗanda abin ya shafa 'yan Gana ne, jakar da suka zuba kayansu har yau da sunansu ake kiranta. Tsarin mulkin 1999 kuma, a sashe na 26, ya bai wa macen da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, bai ba mijin 'yar Najeriya irin wannan damar ba. Shi sai ya bi doguwar hanyar sashe na 27, mai sharaɗin zaman shekara goma sha biyar. Wato doka ta ɗauki al'adar da ke mai da baƙo suruki ta kifar da ita: a da ta hanyar mace namiji ke shiga gari, yanzu mace ba ta da ikon shigo da kowa.

Wannan ba zancen littafi ba ne ga mutanen bakin iyaka. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri dangin juna ne, auratayya tsakanin Illela da Ƙonni kuwa ta girmi iyakar kanta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da damar shiga ba biza har kwana casa'in, mutane suka saki jiki, da yawa ba su taɓa neman wata takarda ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Banijaren da ya auri 'yar Goronyo, yake noman albasa a bakin madatsar ruwa tun kafin a haifi babban ɗansa, yanzu matsayinsa ya dogara ne da abin da gwamnatoci suka ga dama su shirya a tsakaninsu. 'Ya'yansa 'yan Najeriya ne ta wajen uwa, haka tsarin mulki ya ce, amma ranar neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, garin uba za a tambaya.

Haka kuma tun 2019 dubban mutanenmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga. Mutanen ƙauyukan wajen Gidan Rumji suka karɓe su a cikin gidajensu, suka raba hatsi da su tun kafin ƙungiyoyin agaji su iso. Waɗanda suka tafi da goyo a lokacin, goyon ya isa shiga makaranta. 'Yan matan da suka tafi suna ƙanana sun isa aure, wasu an ɗaura musu da samarin garuruwan da suka sauka. Na sansanin Gandi ma, da ko iyaka ba su tsallaka ba, har yanzu 'yan gudun hijira ake kiransu, alhali akwai yaran da aka haifa a can waɗanda ba su san hanyar Tabanni ba.