Uba Ya Rasu Ba A Shirya Ba: Me Ya Rage Wa Ɗa?

Akwai wata irin mutuwa da ba a cika zancenta a wurin zaman makoki ba, watau rasuwar uban da suka yi shekara da shekaru ba sa ga-maciji da ɗansa.

Unguwar Na'ibawa da ke kan hanyar Zariya a Kano ta san wannan al'amari. Tun cikin shekarun 1970 magidanta suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka neman aiki a masaƙu da majemu na Bompai da Sharaɗa da Challawa. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga ƙarancin wutar lantarki, ga yadin waje mai araha, sai masana'antu da yawa suka rufe. Wani magidancin ya jure. Wani kuwa ya saki matarsa, ya shiga mota a tasha ya yi kudu, ba aike ba saƙo. Yaron da aka bari ya tashi a hannun kawunnai, yana dako a kasuwar 'Yan Lemo ko 'Yan Katako. Sai bayan ya zama magidanci a zo masa da labarin ubansa ya cika. Hawaye ya ƙi zuwa, natsuwa kuma ta gagara.

To, da farko Shari'a ba ta nemi ya ƙaryata abin da ya faru ba. Ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba, kuma Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa tozartar da iyali ya ishi mutum zunubi. Rashin kuka kuwa ba laifi ba ne, domin ba a tilasta wa zuciya. Abin da aka ɗora wa ɗa aiki ne.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malaman Kano, ya lissafa kyautata wa iyaye cikin farillai ko da fasiƙai ne, ya kuma ɗora wa mumini nema wa iyayensa muminai gafara. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta hana bin iyaye cikin shirka, amma duk da haka ta yi umurni da kyautata zama da su. Ashe ke nan haƙƙin uba ba ladan kirkinsa ba ne, haƙƙi ne da Allah Ya yanka masa.

Mutuwa ba ta rufe wannan ƙofa. Abu Usaidu ya ruwaito cewa wani mutum daga Banu Salima ya tambayi Annabi ko akwai sauran kyautatawa bayan rasuwar iyaye. Aka ambata masa yi musu addu'a, da nema musu gafara, da cika alkawuransu, da sada zumuncin da ta wajensu aka same shi, da girmama abokansu. Abdullahi ɗan Umar ya ba wani Balaraben ƙauye jakinsa da rawaninsa a hanyar Makka, don kawai uban mutumin aminin Sayyadina Umar ne. Sa'adu ɗan Ubada kuwa ba ya nan mahaifiyarsa ta rasu, sai ya yi sadaka da gonarsa dominta.

Saboda haka ɗa ya fara da binciken bashin mamacin, domin biyansa yana gaban wasiyya da rabon gado. Ya sani kuma gaba ba ta hana gado, kuma ƙannen da uban ya haifa a wani gari jininsa ne, ba su da hannu a abin da ya wuce.

Abu mafi nauyi shi ne yafiya. Haƙƙin bawa yana nan rataye har mai shi ya yafe ko a biya shi Ranar Hisabi. Uban da jiya yake da ikon tafiya ya bar yaro, yau yana kabari yana bukatar kalma guda daga bakin wannan yaron. Ɗa yana iya riƙe haƙƙinsa, amma aya ta 40 a Suratush Shura ta sanya ladan wanda ya yafe ya gyara a kan Allah. In kuwa laifin na ɗan ne, sai ya tuba, ya yawaita wa ubansa istigfari.

Wanda nasa uban ke raye kuwa, ya tuna an hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, balle mahaifi. Ya tashi ya je ya gaishe shi tun yana iya amsawa.

Allah Ya jiƙan iyaye, Ya sanyaya zukatan 'ya'ya. Amin.