Wace Irin Ƙasa Ce Zuciyarka?

Ya kai mai karanta wannan 'yar takarda, ko an riga an yi maka baftisma, ko kuwa kana tambayar hanya tukuna, ka kasa kunne kaɗan.

Wata rana Ubangijinmu Yesu Almasihu ya zauna cikin jirgi a bakin Tekun Galili, jama'a kuwa suna tsaye a gaɓa, ya ba su misalin mai shuka, kamar yadda Matta ya rubuta a sura 13. Iri ɗaya ne, hannu ɗaya kuma ya yafa shi. Wani ya faɗi a bakin hanya, tsuntsaye suka tsince. Wani a kan dutse inda ƙasa ba zurfi, ya tsiro da sauri, rana ta ƙone shi. Wani cikin ƙaya. Wani kuwa a ƙasa mai kyau, ya ba da riɓi talatin, da sittin, har ɗari. Irin nan Maganar Allah ce, ƙasar kuwa zuciyar mai ji.

Ni dai ƙasar ƙaya ta fi ba ni tsoro, gama a farkon damina ba ka iya rarrabe ta da mai kyau. Kowane manomi ya san wuta-wuta. Tana kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa, tana tsotse ta kwana da kwanaki tun ba a ga kanta ba. Mai gona yana murna da shukarsa, ashe ɓarna ta yi nisa. Haka damuwar duniya da son dukiya su kan yi. Mutum yana zuwa sujada kowace Lahadi, ya iya waƙoƙi, ya haddace ayoyi, amma mudunsa na saye daban, na sayarwa daban, shekara uku kuma ba ya ga maciji da ɗan'uwansa saboda iyakar gona.

Kada ka auna zuciyarka da daɗin da ka ke ji sa'ad da ana wa'azi. Markus ya gaya mana a sura 6 sarki Hirudus ya kan saurari Yahaya Mai Baftisma da murna. Amma da maganar ta taɓa Hirudiya, matar ɗan'uwansa da ya aura, bai rabu da ita ba, a ƙarshe ma ya sa aka fille wa Yahaya kai. To, kai fa? In an karanta ayar da ta sosa maka inda ke ciwo, ka kan ce a ranka, da ma wane yana nan ya ji?

Fako ma ya kan yi hatsi in an kafce shi, an zuba taki. Lidiya mai sayar da shunayya a Filibi, Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta. Ka roƙe shi ya buɗe taka kafin ka buɗe Littafi. Mutanen Biriya kuwa kullum suna bincika Littattafai, su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Tun 1932 akwai Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. In ba ka iya karatu ba tukuna, ka sa wani ya karanta maka.

In ka ji abu guda da ya kayar da kai, kada ka wuce zuwa sura ta gaba. Ka ajiye Littafin, ka fasa mudun zamban nan, ka tafi ƙofar ɗan'uwanka ka yi sallama tun rana ba ta faɗi ba.