Haske a Matsayin Alamar Kasancewar Allah a Addinin Kirista

Haske yana cikin tsofaffin alamomin da Kiristoci ke amfani da su wajen bayyana cewa Allah yana tare da mutanensa. Ana samunsa a Littafi Mai Tsarki tun daga babin farko na littafin Farawa har zuwa ƙarshen Ru'ya ta Yohanna, ana kuma samunsa a aƙidar ikkilisiya, da tsarin sujada, da fasalin ginin majami'u. Dacewar alamar a fili take. Ba a kama haske da hannu, ba a ɗaure shi, amma da shi ake ganin kome, in kuwa ya yi ƙarfi ido ba ya iya kallon tushensa. Waɗannan halaye sun yi daidai da abubuwa biyu da addinin ke faɗa game da Allah a lokaci guda: yana kusa yana bayyana kansa, kuma ya fi ƙarfin sanin ɗan Adam ya kewaye shi.

Littafin Farawa ya sa halittar haske a rana ta farko, halittar rana da wata da taurari kuma sai a rana ta huɗu. Masu tafsiri sun daɗe suna lura da wannan jeri. Maƙwabtan Isra'ilawa, mutanen Masar da na Babila, suna bauta wa rana a matsayin abin bauta mai suna da haikali. Labarin Farawa ko sunan rana da wata bai kira ba, ya ambace su kawai a matsayin babban haske da ƙarami waɗanda aka ba aikin raba dare da yini. Attaura ta kuma hana yi musu sujada. Tun daga nan aka shata iyakar da alamar ba ta taɓa ƙetarewa ba a koyarwar ikkilisiya: hasken da ido ke gani halitta ne, yana nuni zuwa ga Mahalicci, shi kansa ba abin bauta ba ne.

A labarin Musa ne alamar ta fara ɗaukar ma'anar kasancewa. A Dutsen Horeb Allah ya yi masa magana daga cikin kurmi mai cin wuta wanda bai ƙone ba. Bayan fitowa daga Masar, al'amudin girgije ne ke yi wa jama'a jagora da rana, na wuta kuma da dare. Da Musa ya sauko daga Dutsen Sinai fuskarsa tana annuri har mutane suka ji tsoron kusantarsa, sai ya riƙa rufe ta da mayafi. A cikin alfarwa ta sujada an ajiye alkukin zinariya mai fitilu 7, aka umarci firistoci su riƙa zuba masa tataccen man zaitun domin ya ci daga maraice har safiya. Alkuki irin wannan ya ci gaba da kasancewa a Haikalin Urushalima har shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, lokacin da rundunar Rum ta rushe Haikalin. Hoton sojoji ɗauke da shi yana nan sassaƙe a jikin ƙofar tunawa da nasarar Titus, jagoran rundunar, a birnin Rum.

Sabon Alkawari ya ɗauki wannan gado ya ɗora shi a kan mutum guda, Yesu Almasihu, kuma a nan ne fahimtar Kirista ta bambanta da ta sauran addinan da ke siffanta Allah da haske. Mai karatu Musulmi zai tuna da aya ta 35 ta Suratun Nur, Bayahude kuma zai tuna da Zabura. Abin da Kirista ya ƙara shi ne cewa hasken ya shigo duniya cikin jiki, ya zauna tare da mutane.

Bisharar Yohanna ce ta fi zurfafa a kan wannan. A babi na 8 Yesu ya kira kansa hasken duniya, kuma labarin ya zo ne a jerin abubuwan da suka faru lokacin Idin Bukkoki, idin da littattafan malaman Yahudawa suka ce ana kunna manyan fitilu a farfajiyar mata ta Haikali. Babi na 9 ya biyo da labarin mutumin da aka haifa makaho, wanda ya wanke idonsa a tafkin Siluwam ya dawo yana gani. Marubucin ya tsara labarin da gwaninta: yayin da tsohon makahon ke ƙara gane wane ne ya warkar da shi, shugabannin da ke tuhumarsa, masu ido lafiyayye, suna ƙara nitsewa cikin rashin gani. Har lokacin da abubuwa suka faru yana da ma'ana a wannan bishara. Wani mutum mai suna Nikodimu ya zo wurin Yesu da dare, kuma da almajirinsa Yahuza ya tashi daga teburin jibi zai je ya ba da shi, marubucin bai manta ya ce dare ya yi ba.

Matiyu da Markus da Luka sun kawo labarin sākewar kamannin Yesu a kan dutse, inda Bitrus da Yakubu da Yohanna suka ga tufafinsa suna walƙiya, girgije kuma ya rufe su. Bisharun ba su faɗi sunan dutsen ba, amma al'adar ikkilisiya ta ce Tabor ne, ana kuma tunawa da wannan a ranar 6 ga Agusta. Shawulu, wanda ya zama Bulus, ya gamu da haske a hanyar Dimashƙu, abin da ya fara yi masa kuwa shi ne makantar da shi kwana 3.

Da muhawara ta ɓarke a ƙarni na 4 kan dangantakar Uba da Ɗa, wannan alama aka koma wa. Ariyus, wani firist na Iskandariya, ya koyar da cewa Ɗan halitta ne mai mafari. Taron Nikiya na shekarar 325 ya ƙi wannan, ya siffanta Ɗan da haske wanda ya fito daga haske. Atanasiyus, wanda ya yi adawa da koyarwar Ariyus, ya yi ta maimaita hujjar cewa ba a taɓa samun haske ba tare da walƙiyarsa ba, don haka ba a taɓa samun lokacin da Uba yake ba tare da Ɗa ba. Har yau ana karanta wannan aƙida a sujadar Lahadi ta Katolika da Otodoks da Angilikan da Lutheran.

Akwai haɗari biyu da malaman farko suka yi ta tsare alamar daga gare su. Na farko shi ne komawa bautar rana ta bayan gida. Kiristoci suna fuskantar gabas wajen addu'a, suna taruwa a ranar da Rumawa suka sa wa sunan rana, saboda haka ruɗani bai yi wuya ba. Fafaroma Leo na Ɗaya, wanda ya shugabanci ikkilisiyar Rum daga 440 zuwa 461, ya tsawata wa waɗanda ke juyawa su rusuna wa fitowar rana a matakalar majami'ar Bitrus kafin su shiga. Na biyu shi ne koyarwar Mani, wanda ya bayyana a daular Farisa a ƙarni na 3, ya ce haske da duhu mulkoki ne biyu madawwama masu yaƙi da juna. Agustin na Hippo, ɗan ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya shafe kusan shekara 9 yana bin wannan tafarki kafin ya bar shi. Daga baya ya koyar da cewa mugunta ba ta da asali nata na kanta, rashin nagarta ce, kamar yadda duhu rashin haske ne. Da wannan ne ikkilisiya ta ƙi yarda a ce Allah yana da kishiya daidai da shi.

A sujada, amfani da fitila ya soma ne daga bukata, domin masu bi na farko sukan taru da dare ko da asuba. Ba a daɗe ba bukata ta zama alama. Wata mata mai suna Egeriya, wadda ta ziyarci Urushalima wajen shekarun 380, ta ba da labarin sujadar maraice inda ake kunna fitilu daga wata fitila da ke ci dare da rana a cikin kabarin Yesu. A farkon ƙarni na 5 malamin ikkilisiya Jerom ya kare al'adar ikkilisiyoyin gabas ta kunna kyandir lokacin karatun Bishara ko da rana tsaka, ya ce alamar murna ce.

Inda ma'anar ta fi fitowa shi ne daren Ista. A tsarin Katolika, da ma ikkilisiyoyin Angilikan da Lutheran da yawa, ana kashe fitilun majami'a, a hura sabuwar wuta a waje. Daga wutar ake kunna babban kyandir guda mai ɗauke da alamar gicciye, da harafin farko da na ƙarshe na haruffan Girka, da lambar shekarar da ake ciki, an kuma kafa masa ƙwayoyin turare 5 domin tunawa da raunukan Almasihu. Ana shiga da shi cikin duhun majami'a, ana tsayawa sau 3, jama'a suna kunna ƙananan kyandirorinsu daga gare shi, kowa yana miƙa wa na kusa da shi. Ba wanda ke ƙyasta ashanarsa. Kamar matar da ta ɗebo garwashi daga murhun maƙwabciya, wutar kowa ta aro ce, kuma wadda aka ɗeba daga gare ta ba ta ragu ba. Babban kyandirin yana ci a sujadu har idin Fentikos, bayan kwana 50, sa'an nan a ajiye shi kusa da wurin baftisma. Daga shi ake kunna kyandirin wanda aka yi wa baftisma, shi kuma ake tsayarwa kusa da akwatin gawa ranar jana'iza. Tun wajen shekara ta 150 Justin Shahidi ya rubuta cewa Kiristoci suna kiran baftisma haskakawa.

Sauran al'adun ƙanana ne idan aka kwatanta da na daren Ista. Akwai fitilar da ke ci kullum kusa da ma'ajiyar gurasar tarayya a majami'un Katolika, da idin 2 ga Fabrairu na tunawa da kai jariri Yesu Haikali, da kyandirori 4 na makonnin jiran Kirsimeti, al'adar da ake dangantawa da Johann Hinrich Wichern na birnin Hambug a Jamus a 1839. Magina ma sun yi nasu: tagogi 40 da ke gindin ƙubbar Hagiya Sofiya, wadda aka gina a matsayin majami'a, da gilasai masu launi na majami'ar Saint-Denis kusa da Faris, wadda aka keɓe sabon sashenta a 1144.

Duk da haka, al'adar Kirista ba ta ɗauki jin haske a zuciya a matsayin ma'aunin kasancewar Allah ba. Giregori na Nisa, a ƙarni na 4, ya lura cewa Musa ya fara gamuwa da Allah cikin haske, daga baya cikin girgije, a ƙarshe cikin baƙin duhu a kan dutse, ya ce wannan ci gaba ne, domin wanda ya ƙara kusanta yana ƙara gane cewa ba ya iya gani. Yohanna na Gicciye, ɗan Sifen na ƙarni na 16, ya yi bayanin lokacin da mai ibada ke rasa daɗin addu'a gaba ɗaya, ya ɗauke shi a matsayin tsarkakewa. Wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata da aka buga a 2007 sun nuna ta yi shekaru masu yawa cikin irin wannan hali tana ci gaba da hidimarta. Wannan sashe na koyarwar ya fi sauran wuyar wa'azi, shi ya sa ba a cika jin sa a kan mumbari ba, amma in babu shi alamar takan zama nauyi a kan mai makoki da marar lafiya. Ikkilisiyar gabas ta bi wata hanya. A ƙarni na 14 Giregori Falamas ya kare sufayen Dutsen Atos da suka ce suna ganin haske cikin addu'a, ya ce irin na Tabor ne, ba halitta ba ne, aikin Allah ne da ake iya tarayya da shi ko da yake zatinsa ba a isa gare shi. Tarukan Kustantiniya na 1341 da 1351 sun goyi bayansa.

A rayuwar yau da kullum, alamar tana ɗora wa mai bi nauyi. A Huɗubar Kan Dutse Yesu ya kira almajiransa da sunan da ya kira kansa da shi a Bisharar Yohanna, ya ce ba a kunna fitila a kife ta, ya kuma bayyana cewa hasken nasu ayyukan kirki ne da za su sa a girmama Allah. Wasiƙar Yohanna ta fari ta yanke hukunci kai tsaye cewa wanda ke da'awar yana cikin haske alhali yana ƙin ɗan'uwansa, cikin duhu yake. Haske yana tonawa kamar yadda yake ta'azantarwa, shi ya sa furta zunubi da riƙon gaskiya a ciniki da shari'a suka shiga ma'anar tafiya cikinsa. Bulus ya yi gargaɗin cewa Shaiɗan ma yakan yi shigar mala'ikan haske, don haka wahayi ko mafarki mai walƙiya ba hujja ba ne sai an gwada shi da Nassi da halin mai shi.

An kuma yi amfani da alamar ta hanyar da ta cutar. A ƙarni na 19 marubutan Turai, har da wasu 'yan mishan, sun riƙa kiran Afirka nahiyar duhu, suka gauraya maganar ruhu da launin fata da mulkin mallaka. Littafi Mai Tsarki bai ba da wannan dama ba, domin duhun da yake magana a kai halin zuciya ne da ya shafi kowace al'umma, kuma Kiristanci ya kafu a Masar da Habasha da arewacin Afirka tun kafin ya isa yawancin arewacin Turai.

Ba dukan ɗariku ne ke amfani da kyandir ba. Wasu daga cikin masu gyaran addini na ƙarni na 16 sun rage shi ƙwarai saboda tsoron camfi, suka mai da hankali kan Kalmar Allah a matsayin fitilar mai bi. 'Yan Kwaka, mabiyan George Fox na Ingila a ƙarni na 17, suka bar alamomin zahiri baki ɗaya, suka riƙe koyarwar hasken Almasihu na cikin zuciya. A arewacin Nijeriya ana ganin wannan bambanci har yau: majami'un Katolika suna kunna kyandir a bagade, yawancin na ECWA da Baftis kuwa ba sa yi, maganar haske a wurinsu tana cikin wa'azi da waƙa da addu'a. Saɓanin na hanyar nunawa ne, domin dukan ɓangarorin sun yarda cewa tushen hasken Almasihu ne, na mai bi kuma karɓa ya yi.