Ya Fitar Da Shi Daga Cikin Taro

Karatu: Markus 7:31-37

Ɗan'uwa, ka lura da abin da Yesu ya fara yi sa'ad da aka kawo masa kurman nan a yankin Dikafolis? Kafin ya taɓa kunnuwansa, sai da ya ja shi gefe, nesa da taro.

Wataƙila kana da yaro a shagon ɗinkinka wanda hannunsa ya iya aiki, amma da babur ya wuce ko waya ta yi ƙara, sai awo ya ɓace masa, ya ɓata atamfar mutane. Ka yi faɗa har ka gaji. Waɗansu sun ce lalaci ne, waɗansu sun ce aljanu. Likitoci kuwa sun san wata larura da suke kira ADHD, wadda ke hana mutum tsayar da hankalinsa wuri ɗaya. Tun yarinta take farawa, da yawa kuma suna girma da ita. Tsawa ba ta warkar da ita.

Littafin Firistoci 19:14 ya hana mu sa wa makaho abin tuntuɓe. Ga wannan yaro, bakin ƙofa da masu zuwa hira su ne abin tuntuɓen. Juya kekensa ya fuskanci bango. Rubuta masa awo a takarda, ka ba shi aiki ɗaya, in ya gama ka ƙara wani. Rage rediyo lokacin yanka, ko da shirinmu ne ake yi. Ba za mu ji haushi ba. In abin ya ci gaba, ka raka shi asibiti a duba shi.

Addu'a: Ya Uba, ka nuna mini wanda nake ta yi wa tsawa, alhali wurin shiru yake bukata. Cikin sunan Yesu, Amin.